Yadda Ingila Ta Daina Raba Kuɗin Lafiya Bisa Yawan Gadajen Asibiti

Ranar 5 ga Yuli, 1948, hukumar lafiya ta NHS ta fara aiki a Birtaniya, magani kyauta ga kowa. Sai dai asibitocin da Ministan Lafiya Aneurin Bevan ya karɓa na gado ne, suna inda attajirai da ƙananan hukumomi suka dasa su tun da. Landan ta cika maƙil da manyan asibitocin koyarwa, irin su Guy's da St Thomas' da St Bartholomew's, wanda aka kafa tun 1123. Garuruwan masaƙu da haƙar kwal na arewa kuwa, sai abin da ya samu.

Kasafi kuma ya bi sawun gine-gine. Kowace shekara sai a duba abin da yanki ya kashe bara, a ɗora masa ɗan ƙari. Mai gadaje da yawa ya kwashi kaso mai tsoka, ya ƙara ɗaukar likitoci, baɗi ya nemi fiye da haka. An haura shekara 20 ana wannan rabo.

A 1971 Julian Tudor Hart, likitan da ke duba mahaƙa kwal a ƙauyen Glyncorrwg na Wales, ya fasa ƙwai a mujallar Lancet, ya ce inda aka fi bukatar likita, nan aka fi rasa shi.

Gwamnati ta kafa kwamitin duba rabon kuɗin lafiya mai suna RAWP a 1975, ya miƙa rahoto a 1976. Shawararsa ita ce a ƙirga mutanen kowane ɗaya daga yankuna 14 na Ingila, a duba shekarunsu da jinsinsu, sannan a auna mutuwa: yankin da ake mutuwa fiye da yadda shekarun mazauna suka nuna, a ƙara masa. Masu suka sun ce ciwon gaɓoɓi da taɓin hankali suna wahalarwa, amma ba kasafai suke kisa ba. Da gaskiyarsu. To amma asibiti na iya kumbura adadin waɗanda ya kwantar, ba ya iya ƙirƙiro gawa.

Lissafi ya nuna yankuna huɗu na Thames, da suka raba Landan tsakaninsu, suna cin fiye da rabonsu, yankuna irin su Trent kuwa an daɗe ana ƙwararsu. Dabarar ita ce ƙarin kowace shekara ya fi karkata ga na baya. Rashin sa'a, a 1976 ɗin Birtaniya ta je neman rancen IMF, ƙarin ya tsuke, likitocin Landan suka yi ta ƙorafi.

Giɓin ya ragu sosai kafin gwamnatin Margaret Thatcher ta sanar da jingine tsarin a 1989. Wanda ya gaje shi ma kan mutane yake ƙirgawa, yana ƙara nauyi inda tsufa da cuta suka fi yawa.