Ushahidi: Manhajar Tattara Rahotannin Jama'a

Ushahidi manhaja ce da aka ƙirƙira a Kenya a farkon 2008, yayin rikicin da ya biyo bayan zaɓen Disambar 2007. Ma'anar sunan a harshen Swahili ita ce "shaida". Jama'a kan aiko da rahoto ta saƙon tes ko intanet, a ɗora shi kan taswira. Kowa na iya sauke manhajar ya gyara ta kyauta, ba sai ya sayi lasisi ba.

A Nijeriya, shirin ReclaimNaija ya yi amfani da ita wajen sa ido kan zaɓen 2011. Za ta iya amfanar garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram, inda ambaliya kan katse hanyoyi da damina. Sai dai ba ta bambance gaskiya da jita-jita. Dole a samu mutanen da za su tantance kowane rahoto.