Zuma da Nono: Tarihin Ƙananan Halittun da ke Cikin Ƙwarya

Hirarmu ta yau a kan abu biyu ce da kowa ya sani, wato zuma da nono.

Ran Litinin da ran Juma'a, in kasuwar Maradi ta ci, za ku ga matan Fulani da ƙoran nono, ga kuma masu zuma daga wajen Madarumfa. Mutumin unguwar Zariya ya saya, na Tibiri ya saya, na Jiratawa ya saya. A dama fura, a zuba nono, mai hali ya ɗiga zuma. Haka muka taras ana yi. To, me ke faruwa a cikin ƙwaryar nan? Masana sun daɗe kafin su gane.

Mu fara da nono. Mace in ta tatsi madara, takan zuba ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe, ta ajiye. Kafin gari ya waye, madara ta yi barci, ta yi tsami. A 1857 wani Bafaranshe, Luwi Pastar, ya nuna dalili. Wasu ƙananan halittu ne masu rai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna cin zaƙin madara, su fitar da tsami. Tsamin nan shi ke hana madara lalacewa da wuri. Ashe tsohon nonon da ake zubawa iri ne, kamar irin gero da manomi ke ajiyewa.

A 1899 wani likita a Paris, Anri Tisiye, ya sami irin waɗannan halittu masu amfani a kashin jarirai masu shan mama. A 1907 kuma wani Barashe, Eli Mecnikof, ya ce ƙauyawan ƙasar Bulgariya suna tsawon rai saboda shan nono mai tsami. Nan ya ɗan yi zuƙu, don nono ba ya hana tsufa. Amma tushen maganarsa ya tsaya: a cikin hanjinmu akwai ƙwayoyin cuta, akwai kuma ƙwayoyin kirki masu tare musu wuri. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana, suka yarda cewa wasu daga cikin halittun nan, in an sha su da rai kuma da yawa, suna amfanin jiki.

Sai zuma. Ita aikinta kamar ya saɓa wa na nono. Zuma mai kyau takan shekara a kwalba ba ta ruɓe ba. Kusan kashi 80 cikin 100 nata zaƙi ne, ruwan cikinta bai kai kashi 20 ba. Ƙwayar cuta in ta faɗa ciki sai ta bushe. Shi ya sa tun dā ake shafa ta ga ƙuna da miki. Danƙon da ƙudan zuma ke like kafofin amya da shi ma yana kashe ƙwayoyi. To, in haka ne, zuma ba za ta kashe na kirkin da ke cikin nono ba?

An gwada. A 2001, a wata jami'a ta jihar Mishigan a Amurka, an zuba zuma kashi 5 cikin 100 a madara, aka sa halittun. Ba su mutu ba, suka ci gaba da aikinsu. Dalili biyu ne. In zuma kaɗan ta gauraya da madara mai yawa, ƙarfin busarwarta ya tafi. Sannan akwai wani ɗan zaƙi a cikinta da cikinmu ba ya narkarwa, sai ya wuce hanji ya zama abincin ƙwayoyin kirki. Abin mamaki, a 2008 masana a ƙasar Suwidin suka sami dangin halittun nono a cikin tumbin ƙudan zuma kansa.

Amma kada mu wuce gona da iri. Yawancin gwajin nan a cikin kwalabe aka yi shi. Yaro mai zawo, ruwan gishiri da sukari yake bukata, a kai shi likita. Kuma dafaffen sukari da wasu ke sayarwa da sunan zuma ba ya cikin wannan magana.

Saura babban gargaɗi. A 1976 likitoci a Kalifoniya suka gano wata cuta mai shanye jikin jariri, ya kasa tsotson mama, wuyansa ya saki, har numfashi ya gagara. Irin ƙwayar cutar yakan ɓoye a ƙura, yakan kuma ɓoye a zuma, ko da tsantsarta ce. Babba in ya sha ba kome, don ƙwayoyin kirki sun cika hanjinsa. Na jariri ba su riga sun kafu ba. Saboda haka, ungozoma da kaka da uwa, kada a lasa wa jariri zuma sai ya cika shekara guda. Wata shida na farko kuwa, mama kaɗai ya ishe shi.