Horon Halarto da Hankali da Gajiyar Malaman Yara Masu Buƙata ta Musamman: Martani ga Purser

Tun da Ronald Purser ya fitar da littafinsa McMindfulness a 2019, wasu masana suka tsaya a kan cewa koya wa ma'aikaci halarto da hankali yaudara ce: a ɗora masa alhakin gajiyarsa, a wanke hukumar da ta jibga masa aiki. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci, musamman a kan malaman yara masu buƙata ta musamman.

Asalin horon sananne ne, wato shirin mako 8 da Jon Kabat-Zinn ya soma a Jami'ar Massachusetts a 1979. Haka ma yawan barin aiki a tsakanin waɗannan malamai a Amurka sananne ne (Billingsley, 2004).

Hujjar Purser tana da nauyi. Cewa yake yi an raba horon da tushensa na addinin Buddha an mai da shi haja, ana sayar wa kamfanoni da makarantu domin ma'aikaci ya daina kuka da tsarin da ke cutar da shi. Mai karatu zai ji kamar ana ce wa wanda aka zalunta "yi haƙuri" a sallame shi. Gaskiya ne bin numfashi ba ya rage takardun tsarin karatun kowane yaro da IDEA, dokar Amurka kan ilimin irin waɗannan yara, ta wajabta wa malami cikewa, ba ya kuma kawo mataimaki cikin aji.

Sai dai Purser ya ɗauka duk nauyin daga hukuma yake fitowa. A wannan aiki ba haka ba ne. Ko da an ninka albashi an rage ɗalibai, ranar da yaron da ba ya iya magana ya fusata ya shiga buga kansa da bango, malama ce a gabansa, kuma abin da za ta yi cikin 'yan daƙiƙoƙi ya rataya ne a kan ko ta lura zuciyarta ta hau kafin ta ɗaga murya. Wannan ƙwarewa ce, kuma mai yiwuwa ana iya koyonta. Batun cewa horon yana kashe wa mutum zuciyar neman haƙƙinsa kuwa, iƙirari ne da ke buƙatar gwaji, littafin Purser kuma sharhi ne a kan al'umma.

To amma dole in taƙaita da'awata. Gwajin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Benn, Akiva, Arel da Roeser (2012): iyaye da malamai 70, horo na mako 5, aka sami raguwar damuwa da fargaba har bayan wata 2. Adadin kaɗan ne, mahalartan da kansu suka bayyana yadda suke ji, kuma da waɗanda ke jiran layin samun horon aka kwatanta su. Gwajin MYRIAD na Birtaniya (2022), a makarantun sakandare na gama-gari, ya nuna gajiyar malamai ta ragu da farko, bayan shekara guda bambancin ya dushe.

Iyakar abin da hujja ta ba mu ke nan: sauƙi na gaske, amma na ɗan lokaci. Wannan ya isa a ba malamai horon, da sharaɗin a yi shi cikin lokacin aiki, makaranta ta biya kuɗinsa, kuma kada shugaban makaranta ya kawo shi a madadin mataimakin da malama ta roƙa.