Ɗafa-ƙeya Mai Rai da Wadda Ta Daina Haihuwa a Ƙirar Sunayen Ingilishi

Littattafan koyar da Ingilishi sun saba jera ɗafa-ƙeyar da ke mayar da sifa ko aikatau suna a layi guda: -ness, -ity, -th, -ment, -tion, -al, sai a ce wa ɗalibi ya haddace. Wannan jeri yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, domin ba gida ɗaya suka fito ba, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

A ɗauki -th da ke cikin length, strength da depth. Ɗafi ne na asalin harshen, amma ya daina haihuwa. Babu mai ɗaukar cheap yau ya ce cheapth. Ita kuwa -ness, wadda ita ma 'yar gida ce, tana nan da ranta. Kusan kowace sifa ta samu sai ta manne mata, ba tare da ta taɓa furucin tushen ba: dark, darkness, kind, kindness.

Labarin -ity ya fi tsawo. Daga Latin ta taso, ta shigo ta hanyar Faransanci bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma har yau ta fi sakin jiki da kalmomin da suka zo ta wannan hanya. In ta shiga, sai ta motsa kalmar. Dogon wasalin sane yakan gajarce a sanity. A electricity, sautin k na electric ya koma s, ƙarfin furuci kuma ya matsa zuwa gaɓar da ke gab da ɗafin. Masanin harshe Mark Aronoff, a littafinsa na 1976, ya lura da wani abin kuma: curious ta ba da curiosity, amma glorious ba ta ba da gloriosity ba, saboda glory ta riga ta tare gurbin. Duk da haka gloriousness ta wuce ba wanda ya tsare ta.

A ɓangaren aikatau rikicin ya fi haka. Arrive da derive kamar tagwaye suke, amma ɗaya ta haifi arrival, ɗaya derivation. Haka refuse da confuse: refusal, confusion. Irin wannan rashin tsari yana cikin hujjojin masanin harshe Noam Chomsky a maƙalarsa ta 1970, inda ya raba sunan aiki mai -ing, wanda ƙa'idar ginin jumla ke samarwa, da waɗannan sunaye da mazauninsu rumbun kalmomi ne.

A ganina malamin aji ya fi kowa buƙatar wannan rarrabewa. Ɗalibar da ta rubuta confusal a jarrabawa ta yi tunani mai kyau, ta auna da refusal. Jan biro kaɗai ba zai sanar da ita inda awon ya tsaya ba. Ya kamata a faɗa mata ƙarara cewa -ness da -ing ƙa'ida ce da za ta iya dogara da ita, -ity tana da sharuɗɗa, su -al da -ment da -tion kuwa sai ta koyi kowace tare da aikataunta, tana duba ƙamus.