Zanen Fentin Ruwa na Halittun Gaɓar Teku

Zanen fentin ruwa na halittun gaɓar teku reshe ne na fasahar zane, inda ake siffanta katantanwar teku, kumba, wuri, ƙaguwa, kifaye da tsuntsayen bakin ruwa a kan takarda, da launin da ruwa ke narkarwa. Ya bunƙasa a Turai da Amurka tun daga ƙarni na 16, yana biyan buƙata biyu: ƙawa ga mai kallo, da sahihin bayani ga masanin halittu.

Kayan aiki

Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda malamai ke sa wa tawada don ta kama allo da takarda. Ƙaro mafi daraja a wannan sana'a daga itacen dakwara ake samunsa, kuma Sudan, Chadi da Nijeriya suna cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi zuwa kasuwannin duniya. Ita ma teku ta ba da tata gudummawa: launin ƙasa-ƙasa da ake kira sefiya asalinsa tawadar da wata dabbar teku ke fesawa ce idan ta ji tsoro, kuma masu ƙawata littattafai a Turai ta dā a cikin ɓawon kumba suke ajiye launukansu.

Wajen 1780 William Reeves na Landan ya fara sayar da fenti a dunƙule kamar sabulu. Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a 1832, ya fito da nau'i mai danshi da ke narkewa da zarar jiƙaƙƙen burushi ya taɓa shi. Daga nan ƙaramin akwatin fenti ya zama abin sa wa a aljihu a tafi da shi bakin teku. Takardar da aka fi so ita ce ta auduga mai kauri, wadda ke shan ruwa ba ta lanƙwashe ba.

Yadda ake yin sa

Sirrin fentin ruwa shi ne ba ya rufe takarda ruf. Haske na ratsa launin, ya daki farar takarda, ya dawo wa ido. Saboda haka mai zane yakan bar takardar fara a duk inda yake son ƙyalli, ya fara da launi mai haske, ya bi da mai duhu. Wannan ya dace da cikin kumba, inda siraran shimfiɗu na ma'adini ke karya haske su ba da sheƙi mai sauya launi. Don kwaikwayonsa, ana shafa launi tsararo, a bari ya bushe sarai, a ɗora wani a kai, har sau da yawa.

Sararin sama, ruwa da jiƙaƙƙen yashi kuwa a kan takarda mai danshi ake yin su, domin launuka su shiga juna ba tare da iyaka ba. Gashin tsuntsu da kaushin bayan ƙaguwa da burushi mai ƙarancin ruwa ake fitar da su. Gyara yana da wuya, domin launin da ya shiga takarda ba ya fita duka.

Katantanwa tana buƙatar lura ta musamman. Mafi yawan ire-irenta, idan aka ɗaga tsinin sama aka fuskanci bakin, a dama bakin yake. A 1650 Rembrandt na Holan ya sassaƙa hoton wata katantanwa a farantin jan ƙarfe, da aka buga sai ta fito a juye, bakinta a hagu. Masu zane don ilimi suna kiyaye wannan ƙwarai, don juyin yana cikin alamomin da ake gane nau'i da su.

Tarihi

Wajen 1495 Albrecht Dürer na Jamus ya zana ƙaguwa da fentin ruwa, yana bin kowace gaɓa ta jikinta. A 1585 John White ya bi tawagar Ingila zuwa tsibirin Roanoke a gaɓar Amurka ta Arewa, ya zana kwasakwasa, kunkurun teku, kifaye da ƙaguwar da ke fakewa a cikin katantanwar da mai ita ya mutu. Zane-zanensa suna Gidan Tarihi na Birtaniya.

Tsakanin 1685 da 1692 likita Martin Lister ya wallafa babban kundin katantanwa mai hotuna sama da 1,000, waɗanda 'ya'yansa mata, Susanna da Anna, suka zana suka kuma sassaƙa. A wancan zamani hanyar yaɗa irin wannan aiki ita ce a kwafe zanen a farantin jan ƙarfe, a buga, sannan a mafi tsadar littattafai a shafa wa kowane shafi fentin ruwa da hannu.

Haka aka yi da kundin tsuntsayen Amurka na John James Audubon, wanda ya fito tsakanin 1827 da 1838 da shafuffukan hoto 435, kowane tsuntsu da ainihin girmansa. Ya je tsibiran Florida a 1832 da gaɓar Labrador a 1833 don neman tsuntsayen teku. Yakan harbe tsuntsun, ya tsayar da shi da waya a yanayin da yake so, sannan ya zana. A Ingila kuma Philip Henry Gosse ya ajiye ƙananan halittun bakin teku da ransu a akwatin gilashi, ya zana su a haka, kamar yadda littafinsa na 1860 ya nuna.

Muhimmanci

Kifi da sauran halittun ruwa launinsu kan dushe jim kaɗan bayan sun mutu, kuma maganin da ake adana su a ciki yana ƙara kashe shi. Kafin samuwar hoto mai launi, zanen da aka yi nan take a bakin ruwa shi ne babbar shaidar kamanninsu na asali. Har yau littattafan gane tsuntsaye da yawa zane suke amfani da shi, domin mai zane na iya fito da alamar da ke bambanta nau'i biyu masu kama, wadda inuwa kan ɓoye a hoto.

Masu wannan sana'a a yau sun fi dogara da madubin hangen nesa, hotuna da ɓawon da igiyar ruwa ta watso, ba tare da kashe dabba ba. Su kansu zane-zanen suna neman kulawa: haske mai ƙarfi yana cinye launinsu, shi ya sa gidajen tarihi ke nuna su a ɗaki mai ƙarancin haske na 'yan watanni, sannan a mai da su ma'aji.