Daga Rami Zuwa Ɗaki: Tarihin Mazaunin Manyan Zomayen Gida

Zomon da ake kiwo a gidaje a yau, ko a Turai ko a Afirka, ba jinsi ɗaya yake da zomon dajin da Hausawa suka sani a farauta da tatsuniya da karin magana ba, duk da cewa harshen suna ɗaya ya raɗa musu. Zomon dajin ƙasar Hausa ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake lafewa, 'ya'yansa kuma suna zuwa duniya da gashi a jikinsu, idanunsu a buɗe. Shi kuwa na gida, asalinsa zomon Turai ne, wanda masana ke kira Oryctolagus cuniculus, sunan da kashinsa na farko ke nufin zomo mai haƙa, na biyun kuma kalma ce da Rumawa ke kiran dabbar da ita, suke kuma kiran hanyar ƙarƙashin ƙasa da ita. Mahaifarsa ita ce Sifaniya da Fotugal da kudancin Faransa, inda yake zaman gayya a ramuka masu rassa da ƙofofi da yawa, macen tana haihuwar 'ya'ya tsirara, idanu a rufe, bayan ciki na kwana 31 ko kusa da haka. Duk nau'o'in zomon gida, daga ɗan mitsitsin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba har zuwa ƙaton da ya doshi kilo 10, daga wannan dabba mai nauyin kilo ɗaya zuwa biyu suka fito, kuma wanda ya bi tarihin mazauninsu zai tarar cewa mutum ya yi ta ƙara wa dabbar girman jiki a daidai lokacin da yake rage mata girman wurin zama.

Rumawa ne suka fara barin rubutaccen bayani a kan killace zomaye. A littafinsa na harkokin noma da kiwo, wanda ya rubuta a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), malamin nan Varro ya siffanta wani fili da ake kira leporarium, wato gandun zomaye, inda ya ce lalle katangarsa ta yi tsawo don kada kyarkeci ya tsallaka, a kuma shafe ta sumul don kada ƙananan namun dawa su hau, sannan a bar ciyawa da ƙananan itatuwa a ciki domin zomayen su sami maɓoya, da manyan bishiyoyi masu rassa waɗanda za su tare gaggafa. Wannan tsarewa ce kawai, domin ba mai zaɓar wa dabbobin abokan barbara, ba kuma mai taɓa su sai ranar kamu, amma abin lura shi ne tun a wancan zamani an gane cewa zomo na bukatar fili da maɓoya da kariya daga sama. Rumawan sun kuma ɗanɗana ɓarnarsa, don marubucinsu Pliny ya ruwaito cewa mutanen tsibiran Baleyar sun roƙi Sarki Augustus ya aiko musu da sojoji saboda zomaye sun cinye musu amfanin gona har yunwa ta kama su.

An daɗe ana maimaita wani labari a littattafan kiwo, cewa wai Fafaroma Gregory ne a wajen shekara ta 600 ya halatta wa Kiristoci cin jariran zomaye a lokacin azuminsu bisa hujjar cewa ba nama ba ne, wai daga nan ne masu ibadar gidajen zuhudu na Faransa suka duƙufa ga kiwonsu. Binciken da wasu masana na Jami'ar Oxford suka wallafa a 2018 ya nuna cewa ba wata takarda da ta tabbatar da wannan hukunci, kuma an cuɗanya sunan Fafaroman ne da na wani marubucin tarihi, Gregory na birnin Tours, wanda ya ambaci wani mutum guda da ya ci irin wannan abinci a lokacin azumi. Abin da ya tabbata shi ne mayar da zomo dabbar gida ya ɗauki ɗaruruwan shekaru, a hankali a hankali, kuma nazarin ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa zomayen gida sun fi kusanci da na dajin Faransa, sannan mafi yawan sauyin da aka samu ya shafi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wato abin da ya rage musu tsoron mutum.

A Ingila, inda kiwon ya kafu daga ƙarni na 12 bayan zuwan Normawa, zomo dukiyar sarakuna da manyan masu ƙasa da gidajen ibada ne, namansa na manyan bukukuwa, fatarsa ta adon riguna. Ana tsare shi a makeken fili, ana tara masa dogayen tuddan ƙasa masu laushi, wani lokaci har da ramukan da aka shirya da duwatsu, don ya sami sauƙin haƙa da wurin da ruwa ba ya kwanciya. Kowane gandu yana da mai gadinsa, wanda ke kai ciyawa da rassan itace a lokacin tsananin sanyi, yana kashe yanyawa da sauran maɓarnata, yana kuma fafatawa da ɓarayin dare. Har yanzu akwai wani ginin dutse mai kama da hasumiya kusa da garin Thetford, wanda aka gina a wajen 1400 domin mai gadin irin wannan gandu, kaurin bangonsa da ƙanƙantar tagoginsa kuwa sun isa shaida a kan darajar abin da ake tsaro.

Akurkin katako, wato akwatin da aka yi wa ƙofar raga, shi ne ya sauya komai. Da zarar an raba namiji da mace, an sa kowanne a nasa akwatin, mai kiwo ya sami ikon zaɓar wanda zai haɗa da wanda, kuma daga nan launuka da siffofi suka fara yawaita. A ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka janyo talakawan karkara zuwa birane, akurkin ya zama abin da ma'aikacin masaƙa ko na ma'adinai ke jinginawa a bangon ɗan tsakar gidansa, yana ciyar da zomayen da ɓawon kayan miya da ciyawar bakin hanya, yana samun nama ba tare da ya je wurin mahauci ba. A nan ne ya kamata a tsaya a duba dalilin siffar akurkin, domin ita ce ta biyo zomo har zuwa yau. An ƙera shi ne daidai da ƙuncin tsakar gidan talaka, an ɗora wani bisa wani don tattalin wuri, an kuma ƙuntata shi da gangan don dabbar ta rage motsi ta yi saurin ƙiba, tun da yake zamanta a ciki na 'yan watanni ne kafin wuƙa. Babu wanda ya auna shi da tsallen zomo ko miƙewarsa, saboda ba a yi shi don dabbar da za ta shekara bakwai ko takwas a ciki ba.

A ƙarni na 19 ɗin nan ne manyan nau'o'in suka bayyana. Mafi shahara shi ne wanda ake kira Flemish Giant, wato ƙaton Filandas, wanda masu kiwo na birnin Gent da kewayensa, a arewacin Beljiyam, suka samar ta hanyar zaɓar mafi girma daga kowace haihuwa domin nama da fata. An rubuta ƙa'idojin siffarsa a 1893, aka kuma kai shi Amurka a cikin shekarun 1890, inda a yau ƙungiyar masu kiwon zomaye ta ƙasar, wadda aka kafa a 1910, ba ta karɓar baligin namiji a gasa sai ya kai kimanin kilo 5.9, mace kuma kilo 6.4, ba tare da an ƙayyade iyakar sama ba. Daga jininsa aka sami ƙaton da ake kira Continental Giant, wanda wani daga cikinsu mai suna Darius ya shiga kundin bajinta na Guinness a 2010 da tsawon santimita 129. A Faransa kuma, wajen tsakiyar ƙarni na 19, aka samar da French Lop, mai kaurin jiki da kunnuwan da suka zubo gefen fuska. Abin mamaki, waɗannan ƙattai ba su zama zomayen kasuwar nama ba, domin ƙashinsu ya yi yawa, suna jinkirin balaga, suna kuma cin abinci fiye da naman da suke bayarwa, sai matsakaita irin su New Zealand White da Californian suka karɓe wannan fage, ƙattan suka koma na nune-nune, daga baya kuma na sha'awa, saboda sanyin halinsu.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun ƙara yaɗa akurki, musamman a Birtaniya a yaƙi na biyu, lokacin da aka ƙayyade rabon nama amma ba a sa na zomo a ciki ba. Bayan yaƙin, manyan gonakin Italiya da Faransa suka koma ga kejin waya zalla, wanda kashi ke zubowa ta ƙasansa, abin da ya rage cutar hanji mai kashe ƙananan zomaye, ya kuma sauƙaƙa shara. Sai dai tafin ƙafar zomo ba shi da tsokar nan mai taushi irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai ke tsakanin fatarsa da ƙasa, saboda haka idan dabba mai kilo bakwai ta wuni ta kwana a kan waya, gashin ya kan zube, dunduniyar ta yi gyambo, wani lokaci ciwon ya ci har ƙashi. Ƙattan zomaye ne suka fi kowa shan wannan wahala, kuma laifin na waɗanda suka ɗauki kejin da aka yi wa zomon yanka suka sa dabbar da ta ninka shi nauyi ne.

Sauyin tunani ya fito fili a 1985, lokacin da Marinell Harriman ta wallafa littafinta a kan zama da zomo a cikin gida, aka kuma kafa ƙungiyar House Rabbit Society a Kalifoniya a 1988. A Birtaniya, dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin samar mata mazaunin da ya dace da ɗabi'arta, ƙungiyar kula da walwalar zomaye ta ƙasar kuma ta ba da shawarar cewa zomaye biyu matsakaita su sami wurin da bai gaza mita uku a tsawo, biyu a faɗi, ɗaya a tsayi ba, dare da rana. Ƙato kuwa ya fi ƙarfin wannan awo, shi ya sa masu kiwonsa kan ware masa ɗaki sukutum ko rumfar ajiyar kaya da aka haɗa da fili.

Idan aka dubi kayan da ake tanada a yau kafin a kawo irin wannan zomo gida, za a ga cewa kusan kowanne yana maye gurbin wani abu ne da akurki ya raba shi da shi. Maɓoyar da ake so ta kasance da ƙofa biyu tana tsaye a madadin rami, domin dabbar da aka saba farauta ba ta natsuwa a wurin da mafitarsa ɗaya ce. Shimfiɗar tabarma ko bambaro mai kauri tana madadin ƙasa, tana kare dunduniya da waya da kuma santsin daɓe, wanda kan jawo wa mai nauyi targaɗe. Busasshiyar ciyawa, wadda ya kamata ta zama kashi 80 cikin 100 na abincinsa ko fiye, tana madadin kiwon fili, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, na gaba kan ƙaru da kimanin milimita biyu a mako, kuma tauna ce kaɗai ke rage su, hanjinsa ma ba ya jure tsayawa ko na yini ɗaya. Ana ajiye masa faffaɗan tire na bahaya, saboda a daji ma wuri guda yake zaɓa, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kifar ba, ana kuma rufe wayoyin lantarki, don yana datse su kamar yadda yake datse saiwa a cikin rami. Abokin zama, bayan likita ya yi wa duka biyun aikin hana haihuwa, yana madadin gayyar da ya baro. Rigakafi ne kawai sabon abu, kuma shi ma tarihi ne ya jawo shi, tun daga cutar miksomatosis da aka saki da gangan a Ostireliya a 1950 da Faransa a 1952, har zuwa cutar zubar jini ta zomaye da ta ɓulla a Sin a 1984.

A Afirka ta Yamma zomon gida baƙo ne, kuma don nama aka fi kiwonsa. Gana ta kafa shirin ƙasa na kiwon zomo a Kwabenya, kusa da Accra, a 1972, cikin yunƙurin gwamnatin Acheampong na ciyar da kai, a Nijeriya kuma cibiyar binciken dabbobi da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana nazari a kansa. Abincinsa ba ya wuya a ƙasar Hausa, tun da akwai harawar gyaɗa da ta wake da dusa, amma zafi babban abokin gabansa ne. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwa da numfashi yake fitar da zafin jiki, kakanninsa kuma cikin sanyin rami suke wuni, saboda haka da zarar zafi ya haura digiri 30 yakan rage cin abinci, haihuwarsa ta ja baya, mai babban jiki kuma shi ya fi saurin galabaita. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda bazara ke haura digiri 40, kejin waya a ƙarƙashin rufin kwano yana iya kashe ƙaton zomo a yini guda, don haka duk mai sha'awar ajiye shi a waɗannan wurare ya fara tanadar ɗakin ƙasa mai kaurin bango da iska, da inuwa, da ruwan da ba ya yankewa, kafin ya je sayen dabbar.