Babbar riga ko kayan zamani? Tarihin abin da manomin arewacin Kano yake sawa kullum

1/ Duk shekara sai an tayar da wannan musun: wai matasa sun watsar da kayan gargajiya sun koma jins da rigar ƙwallo. To bari mu ɗan waiwaya. Mu bar cikin birni, mu nufi Bichi, Dambatta, Minjibir da Dawakin Tofa, mu ga me kakanninmu suke sawa ranar da ba Sallah ba, ba Juma'a ba.

2/ Abu na farko da zai ba wasu mamaki: babbar riga ba ta taɓa zama kayan noma ba. Ka taɓa ganin mai huɗa da riga aska takwas? Manomin da can warki yake ɗaurawa, wato fatar akuya da aka jeme, ko ya sa bante da 'yar shara, ya kifa malfa a kai saboda rana.

3/ Warki yana da dalilinsa. Ƙaya ba ta yaga shi da sauƙi, ba ya son wanki kullum, kuma akuyar a gida take. Yau sai dai ka gan shi jikin 'yan dambe, mafarauta da 'yan tauri. Abin da yake kayan yau da gobe jiya, shi ne ya koma kayan wasa da biki.

4/ Riga kuwa ta fita ce: kasuwa, masallacin Juma'a, ɗaurin aure, gaisuwar hakimi. Ita ma hawa-hawa ce. Akwai fari na talaka, akwai saƙi mai zanen zabuwa, akwai kore mai sheƙi da ta sha baba da bugu, akwai tsamiya da barage na masu hali. Da ganin rigar mutum an san matsayinsa.

5/ Su wa suke yin waɗannan kaya? Manoman nan dai. Ƙasar da ta kewaye Kano tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona a jikin gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki ake zuba mata duk shekara. Gonar gida ba ta da girman da za ta riƙe iyali ita kaɗai.

6/ Shi ya sa kowa yake da sana'ar rani. Da an kai amfanin gona rumbu, maza su zauna gindin bishiya da masaƙa da ƙoshiya. Mata a cikin gida su gurje auduga, su yi shiɓa, su yi kaɗi da mazari. Kuɗin kaɗin nan na mace ne, da shi take tara kayan ɗakin 'yarta.

7/ Ku lissafa hannun da riga ɗaya take bi: manomin auduga, mai kaɗi, masaƙi, marini, mai bugu, maɗinki, mai aikin wuya, dillali, sannan fatake masu jakuna. Riga guda, gidaje wajen tara sun ci abinci. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

8/ A farkon Fabrairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasar nan, ya shigo Kano daga Katsina. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya rubuta cewa kayan Kano suna kaiwa Murzuk, Gat da Tarabulus a arewa, suna kaiwa Tumbuktu a yamma.

9/ Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa waje sun kai aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. A lissafinsa kuma, wuri dubu 50 zuwa dubu 60 sun ishi iyali guda su rayu shekara cikin rufin asiri. Ka raba ka gani: abincin shekara ne na gidaje dubu biyar zuwa dubu shida.

10/ Amma ga inda labarin ya fi daɗi. Barth ɗin nan ya tarar da yadin Manchesta ta Ingila a kasuwar Kano, an ratso Sahara da shi a bayan raƙuma. Jan alharinin da ake saƙa barage da shi ma ta Tarabulus yake zuwa. Fiye da shekara 50 ke nan kafin Turawa su ci Kano a 1903.

11/ Kenan kakanninmu ba su taɓa ƙyamar kayan waje ba. Sun karɓa, sun rina, sun ɗinka yadda suke so. Bambancinsu da mu shi ne, a lokacin abin da suke sayar wa duniya yana da ƙarfin da baƙon yadi bai isa ya ture shi daga kasuwa ba.

12/ Da Turawa suka zo, burinsu audugar Arewa ta tafi masaƙun Ingila. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Sai dai masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, manomi kuwa ba wawa ba ne. Da aka fara sayen gyaɗa da daraja a 1912, sai ya juya can.

13/ Gyaɗa ce ta sauya suturar ƙauye. Kuɗi ya shigo hannu lokacin kaka, kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da akoko da alawayyo, ga keken ɗinki ya bazu. Yadin kanti faffaɗa ne, mara nauyi, ba sai an yi ta harhaɗa siraran saƙa da allura ba. Jamfa da kaftani suka samu gindin zama.

14/ Sai masana'antu suka biyo. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a shekarun 1960, Kano ma ta samu nata masaƙun zamani a Bompai da Sharaɗa. Audugarmu ce, ma'aikatanmu ne, amma masaƙin gindin bishiya da tsohuwa mai mazari su ne suka fara jin jiki.

15/ Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da dalar gyaɗa, daidai lokacin da kuɗin fetur ya yi yawa a gari. Nan ne shadda ta hau gadon sarauta. Kuma shaddar da muka fi ji da ita, Getzner, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta.

16/ Ku ɗan tsaya nan. Kayan da muke kira "na gargajiya" ranar Sallah, ɗinkin ne namu, yadin na Turai ne ko na Sin. Wanda ya sa shaddar Sin yana yi wa mai jins gorin al'ada, su biyun duka kwantena ɗaya ce ta kawo musu kaya. Tela kaɗai ya raba su.

17/ Daga 1986 aka shiga tsarin SAP, naira ta faɗi, aka rushe hukumar cinikin auduga. Rashin wuta da fasa-ƙwauri suka haɗu, masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Kantin Kwari ta cika da yadin Sin, Ƙofar Wambai ta cika da gwanjo.

18/ To yaron Kunchi ko Makoɗa da ya sa rigar ƙwallo ta gwanjo ya tafi gona, laifin me ya yi? Lissafin kakansa mai warki yake yi: me ya fi araha, me ya fi jure aiki, me zai bushe kafin gobe. Ba za ka ce ya shiga fadama da farar shadda mai sitati ba, sannan ka bar shi da kuɗin sabulu da guga.

19/ Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen tsaunukan Sukotland suna da wani zane mai ninki da maza suke ɗaurawa, ana ce masa kilt. Gwamnatin Birtaniya ta haramta shi a 1746, ta janye dokar a 1782. Da ya dawo, sai ya fi zama kayan soja da na biki. Yau mafi yawansu wando suke sawa su tafi aiki.

20/ Amma fa akwai abin da muka rasa, kuma ba ƙarami ba ne. Ku tuna gidaje taran nan da riga ɗaya take ciyarwa. Idan ka sayi gwanjo, dillali da mai tebur ne kawai suka samu. Idan ka sayi yadi ka kai ɗinki, tela da mai aikin wuya sun shiga. Sauran duk suna wata ƙasa.

21/ Sana'ar rani da ta mutu ita ce take tura matasan ƙauye cirani: acaba, ga-ruwa, gadi, tallan rake a Legas da Abuja. Kakan yaron nan a ƙofar gidansa yake samun kuɗin rani, yana saƙa yana kallon awakinsa. Gonar ba ta ƙara faɗi ba, jama'a sun ninka, masaƙar kuma babu.

22/ Saƙar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Har yanzu akwai masaƙa a yankin Minjibir, akwai marina a Kura da Ƙofar Mata, akwai mata masu ɗinkin hula a kusan kowane gari. Matsalarsu ita ce mun mayar da kayansu na ranar al'adu a makaranta da hoton kafin aure. Cinikin sau ɗaya a shekara ba ya riƙe sana'a.

23/ Saƙi yana da nauyi, yana da tsada, wannan gaskiya ne. Amma ba dole sai babbar riga ba. Ana iya yin 'yar shara da shi, ko jamfa, ko hula, ko gwadon rufa lokacin hunturu. Auduga zalla kuma tana shan gumi, ba kamar yadin roba da yake dafa mutum a watan Afrilu ba.

24/ Don haka in za ka zaɓi kayan yau da gobe, tambayoyi uku sun ishe ka. Ya dace da aikina da zafin garinmu? Aljihuna zai iya, har da wanki? Kuɗin nan da na fitar, hannun mutum nawa zai taɓa a garinmu kafin ya tsallaka teku? Daidai ruwa daidai tsaki, ba wanda ya ce ka ci bashi.

25/ Wanda yake da dattijo ko tsohuwa a gida, ya tambaye su sunan masaƙin unguwarsu na ƙarshe, da shekarar da aka daina kaɗi a gidan. Wataƙila ma akwai tsohon zanen saƙi a ƙasan adakar kaka. Ku ɗauko hotonsa ku ajiye mana a nan, ku faɗi garin da aka saƙa shi.